Haɗa kundayen hukuma: abin da takardar haihuwa, karnen likita da rajistar lakwal za su iya faɗa in an haɗa su

Masu saurarenmu na Tsarnawa da kewaye, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Abijan, Legas, Agadas ko Turabulus, duk wanda ya taɓa kai yaro likita ya san yadda abin yake. Kafin a taɓa jikin yaron sai an buɗe babban littafi an tambayi sunanshi, sunan uba, shekaru da gari. Mace ta je awon ciki, a rubuta. Ta haihu, a rubuta. Ranar allurar rigakafi a rubuta cikin karne, a sake rubutawa cikin rajista. Yaro ya isa shiga lakwal, malam ya buɗe nashi littafin. In an zo rabon taimako, wasu samari su shigo gari da tablet su ma su rubuta. Shi ya sa ake yawan tambayarmu: wai ina duk rubutun nan ke zuwa?

Galibinsa yana nan inda anka rubuta shi, cikin kabad ko bisa kanta, ƙura da gara na aikinsu. Abin da ke tafiya sama jimilla ce. Ƙarshen wata shugaban CSI ya ƙirga: yara kaza anka yi ma allura, mata kaza sunka haihu, mutum kaza sunka zo da masassara. A saka adadin cikin kwamfuta, a wani tsari da ake kira DHIS2 wanda jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙiro, gundumar lafiya ta Ƙonni ta gani, Tawa ta gani, Yamai ta gani. Wannan yana da amfani ƙwarai, da shi ake gane annoba ta taso. Sai dai jimilla ba ta san mutum ba. Tana iya cewa yara ɗari sun warke daga tamowa, amma ba ta iya cewa nawa ne cikin ɗarin nan ke raye bayan shekara guda.

Mene ne haɗa kundaye

Shi ne a ɗauko abin da hukumomi daban-daban sunka rubuta kan mutum guda, a tabbatar lalle shi ne, a jera su wuri ɗaya, sannan a cire sunan a ba masu bincike su duba dubban mutane a tare. Bayanan dai ba don bincike anka tara su ba, aikin yau da kullum ne na likita da malamin lakwal da ma'aikatar magajin gari, wato meri. Shi ya sa ake ce masu bayanan gudanarwa.

Mu mutanen albasa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Buhu ya tashi daga kasuwar Tsarnawa da alamar mai shi a jiki. Dillali yana da littafinshi, direba yana da takardarshi, mai saukewa a Abijan ko Akara yana da nashi. Ba wanda ya ga littafin wani, amma in rigima ta tashi alamar nan ce ke haɗa su ukun, a gane buhu nawa anka loda, nawa sunka isa, a ina sunka ruɓe. To a ɗauki buhun a matsayin mutum. Duk wahalar aikin ita ce samun alamar.

Tunanin ya daɗe. A 1946 wani likita Ba'amurke, Halbert Dunn, wanda ke shugabantar ofishin ƙididdigar haihuwa da mutuwa na ƙasarsu, ya kwatanta rayuwar mutum da littafin da shafukansa ke warwatse cikin ofisoshi, ya ce aikin shi ne a tattaro su. A 1959 Howard Newcombe da abokan aikinshi a Kanada sun sa kwamfuta ta haɗa rajistar haihuwa da ta aure, a 1969 kuma Fellegi da Sunter sunka tsara lissafin da har yau ake bi.

Hanya biyu ce. Inda kowane ɗan ƙasa ke da lamba guda tun daga haihuwa, abin da sauƙi: lamba ta yi daidai, mutum guda ne. Suwidin ta fara haka a 1947, Danmak a 1968. Inda babu lamba, sai a auna kamanni. A duba suna, sunan uwa, ranar haihuwa, gari, namiji ne ko mace, kowanne a ba shi maki. Sunan da ba a cika samu ba makinsa ya fi yawa. In duka takardun biyu sun ce Mahamadu, ai ba a ce komi ba tukuna. In maki ya kai wani mizani a ce mutum guda ne, in ya yi ƙasa a ce mutum biyu ne, na tsakiya kuma a sa ɗan adam ya zauna ya duba da ido. Kuskure iri biyu ke faruwa: a haɗe mutum biyu a mai da su guda, ko a raba mutum guda a mai da shi biyu.

Abin da anka gano da shi a wasu wurare

Jita-jita kan allurar rigakafi ba mu kaɗai ta dama ba. A Turai an yi shekaru ana yaɗa cewa allurar ƙyanda, wadda wasu ke ce ma dusa, tana jawo ma yara galahanga. Masu bincike a Danmak ba su bi gida-gida ba. Sun haɗa rajistar haihuwa, ta allura da ta asibitoci da lambar nan, sunka bi yara 657,461 da anka haifa daga 1999 zuwa 2010. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna waɗanda anka yi ma allurar ba su fi sauran kamuwa ba.

Misalin Barazil ya fi kama da halinmu, don su ma ba lamba guda ke cikin duka kundayensu ba. Suna da rajistar gidajen talakawa da ake amfani da ita wajen rabon kuɗin taimako na Bolsa Família. Wata cibiya a birnin Salvador mai suna CIDACS, da anka buɗe a 2016, ta haɗa wannan rajista da ta haihuwa da ta mutuwa, ta hanyar suna, sunan uwa, ranar haihuwa da gari. Mutum sama da miliyan 100 ke ciki. Wani bincikensu na 2021 kan yara sama da miliyan 6 ya nuna mutuwar yara ƴan shekara 1 zuwa 4 ta yi ƙasa da wajen kashi 17 cikin ɗari a gidajen da ke karɓar taimakon.

Mu ma muna da irin wannan taimako. Tun 2011 shirin tallafin gidaje masu rauni ya fara ba mata jika goma a wata tsawon shekara biyu, jihar Tawa na ciki. Tun 2006 kuma maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a dokance. Sunayen masu karɓar tallafi na rubuce, sunayen yaran da anka kai likita na rubuce, na ƴan lakwal ma haka. Da za a iya haɗa su, da an san ko ɗiyan gidajen nan sun fi daɗewa a makaranta, ko yaran ƙauyukan da ke bakin gonakin noman rani na Ƙonni sun fi na tudu fama da tsargiya, ko matan da anka yi ma tiyatar haihuwa a Galmi yaya cikinsu na gaba ya kasance.

Akwai ma wata dabara da ke ƙirga waɗanda ba kowa ya rubuta ba. Ga misali, adadin namu ne don a gane kawai. A ce cikin shekara jandarma sun rubuta mutum 40 da sunka ji mummunan rauni a haɗarin mota bisa babbar hanya tsakanin Ƙonni da Malbaza, asibiti kuma ta rubuta 50. An haɗa sunaye, an tarar mutum 20 ne ke cikin duka littattafan biyu. Ke nan asibiti rabin na jandarma ta gani. In rabin masu rauni take gani, hamsin ɗinta rabi ne, gaskiyar adadin ya kai wajen 100. Talatin ke nan ba su cikin littafin kowa. Ba a iya wanga lissafi da jimilla, sai an san wa ke cikin wane littafi.

Inda gizo ke saƙa a wurinmu

Mu fara da suna, don nan ne abin ya fi ɗaure kai. Jariri ba shi da suna sai ranar bakwai, don haka littafin ɗakin haihuwa sunan uwa ya sani. Uwa ta kawo ɗan fari awo, ga alkunya, ba ta faɗin sunanshi, sai ta ba da laƙabi ko wata ta faɗa mata. Yarinyar da anka raɗa ma A'ishatu, a karne tana iya zama Indo, a lakwal Aïchatou, a gida Ladi don ranar Lahadi anka haife ta. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Boubacar. Usumanu na nan Ousmane ne a takarda, in ya ƙetara Sakkwato ya koma Usman, a gida kuwa Shehu. Mahamadou, Mamane, Mamman, Muhammadu, duk mutum guda na iya ɗauke da su. Mu ba mu da sunan dangi irin na Turawa, sunanka da na mahaifinka ne, wani ma'aikaci kuma ya sa na kaka, mace in ta yi aure wani ya rubuta ta da sunan miji. Kwamfutar da anka koya ma sunayen Faransawa ba ta san Dije da Hadizatou mutum guda ba ne. Sai ɗan gari ya zauna ya rubuta mata jerin laƙubban nan, kuma mu a ganinmu wannan aiki ne da matasanmu masu ilimin kwamfuta sunka fi kowa cancanta da shi.

Garuruwan ma haka. Tsarnawa a takarda Tsernaoua ce, Tawa Tahoua. Illela biyu gare mu: ta jihar Tawa da ta jihar Sakkwato da ke kallon Ƙonni a ƙetaren iyaka. In an rubuta Illela kawai cikin rajista, wace ce? Ga kuma sauyin iyakoki: har 2011 Malbaza na cikin gundumar Ƙonni, Bagaruwa na cikin ta Illela, a shekarar ne sunka zama gundumomi masu zaman kansu. Wanda ya gwada adadin Ƙonni na 2008 da na 2015 bai lura da wannan ba, ya gwada buhu da tiya.

Sai ranar haihuwa. Manyanmu da yawa katinsu cewa ya yi an haife su wajen shekara kaza, babu wata babu rana, in kwamfuta ta matsa sai a sa masu 1 ga Janairu. Rabin gari ranar haihuwarsu guda, wane maki za a ba wannan? An dai samu ci gaba. Binciken lafiyar iyali na ƙasa ya nuna a 2006 wajen kashi 32 cikin ɗari na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ne anka shaida haihuwarsu ga hukuma, a 2012 adadin ya kai wajen kashi 64.

Babban giɓin shi ne mutuwa. In Allah ya yi ma mutum cikawa da safe, kafin azahar an kai shi makwancinshi, haka addini ya koya mana. Ana zaman makoki, ba mai tunanin meri, sai fa in mamacin ma'aikaci ne ko ya bar kuɗi a banki. Jaririn da ya koma kafin suna kuwa, ba a rubuta zuwanshi ba balle komawarshi. To duk tambayoyin da munka jero a sama ƙarshensu guda ne: yaron yana raye ko ya rasu? In shafin ƙarshe babu shi, sauran shafukan ba su ba da amsa.

Wannan ne ya sa masu bincike a Nijar ke yin nasu ƙirgen. A binciken MORDOR da anka yi a Boboye da Loga cikin jihar Dosso, an riƙa ba yara maganin azitromisin sau biyu a shekara, ma'aikata na bin gida-gida duk wata shida suna tambayar wane yaro ke nan, wane ya rasu, wane ya yi ƙaura. Sakamakon 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da wajen kashi 18 cikin ɗari a ɓangaren Nijar. Na bayansa, AVENIR, ya haɗa da ƙauyukan jiharmu ta Tawa, sakamakonsa na 2024 ya nuna ragin kashi 14 inda anka ba duka yara daga wata 1 zuwa wata 59. (Kar wani ya ji haka ya nufi mai tebur ya sayo ma yaro, rabo ne na ma'aikatan lafiya, da awo da ƙa'ida.) A Nahuce ta jihar Zamfara ma, a 2010 wata cibiya ta ƙirga mutum wajen 125,000, ta riƙa komawa tana rubuta haihuwa da mutuwa da ƙaura. Aiki ne mai kyau, amma da tsada, kuma ranar da kuɗin shirin ya ƙare, ƙirgen kan tsaya. Rajistar meri ba ta jiran mai ba da tallafi.

Ga kuma tafiya. Ader ƙasar ƴan bida ce, bayan girbi samari sun watse sai damina. Mutanen ƙetare na zuwa asibitin Galmi, wadda ke aiki tun 1950, namu na zuwa Sakkwato. Adadin mutanen da ake lissafin allura da gidan sauro a kansa kuwa daga ƙidayar 2012 ake hasashensa, wadda ta ba Nijar mutum 17,138,707, jihar Tawa sama da miliyan 3 da dubu 300. In hasashen ya gaza ko baƙi sun shigo, takarda na iya nuna an yi ma yara sama da ɗari bisa ɗari allura alhali ga rugage ba a taka ba. Waɗanda ba su cikin kowane kundi su ne na nesa da likita, makiyaya, matan da ke haihuwa a gida. In an haɗa kundaye an manta da su, sakamakon zai fi gaskiya kyau.

Sirri fa?

Tsoron rubuta suna yana da asali. Kakanninmu sun san ƙidayar Nasara ta bodo ce da aikin tilas da ɗaukar soja, shi ya sa ake ɓoye yara da shanu. Duniya ma ta ga abin da ya fi haka: a Ruwanda a 1994 katin ɗan ƙasa mai ɗauke da ƙabila ya zama abin tantance wanda za a kashe. Kuma cire suna kaɗai bai isa ba. A 1997 wata ɗaliba a Amurka, Latanya Sweeney, ta gano takardun asibitin gwamnan jihar Massachusetts cikin bayanan da anka ce an cire sunaye, da ranar haihuwa da lambar unguwa da jinsi kawai. Balle ƙauye. In an ce mace ƴar shekara 19 daga gari kaza ta haifi ƴan uku a watan azumi, wa bai san ta ba? In kusa da wannan layi an rubuta tana da sida, an gama da aurenta.

Inda ake yin aikin da kyau, kamar Yammacin Ostireliya tun 1995, raba hannu ake yi. Masu haɗawa suna ganin suna da ranar haihuwa, ba su ganin ciwo. Su ba kowane mutum lambar ɓoye. Asibiti ta aika bayanin ciwo da lambar, babu suna. Mai bincike ya ga lamba da ciwo, a cikin ɗaki ko kwamfutar da ba a fitar da komi daga cikinta, kuma in adadi ya yi ƙanƙanta har ana iya gane mutum, ba a buga shi. Nijar tana da doka kan kare bayanan mutane tun 2017, an sake ta a 2022, da hukumar da ke tsaronta, HAPDP. Dokar ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta kuma ba mutum haƙƙin ya san me za a yi da bayaninshi, ya gani, ya sa a gyara kuskure. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ita ma doka ta ɗaure ta da riƙe sirrin wanda ta tambaya. Mu dai ra'ayinmu, duk wanda ya shigo gari da tablet ya kamata ya faɗa gaban maigari wa ya aiko shi, ina bayanin za ya, wa zai gani, kuma in an gama ya dawo ya faɗa ma gari abin da anka samu. Tambayar wannan ba rashin kunya ba ce.

Maganar lamba guda kuma tana tafe. Ƴan uwa na Najeriya sun san NIN mai lamba 11, wadda tun ƙarshen 2020 anka ce sai an haɗa ta da layin waya. Nijar ta shiga shirin WURI na Bankin Duniya mai nufin ba kowa lambar shaida. Lamba za ta rage wahalar Garba da Boubacar, amma ba ta shaida mutuwar da ba wanda ya je ya faɗa.

Abin da ke hannun gida

Dokar 2019 kan rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta ba da kwana 60 a shaida. Cikin wa'adin kyauta ne, kuma ana iya yi a likitar da anka haihu ko wurin shaidawa na gari, ba sai an je meri da ƙafa ba. Shaidawa daban, karɓo takardar daban; da yawa sukan yi na farko su bar takardar a ofis har yaro ya isa jarrabawa. In kwana 60 sun wuce sai ta hannun alƙali, ko a jira zaman da alƙalai kan fito yi cikin ƙauyuka, wanda mukan sanar a rediyo in an sa rana.

Sunan da ke cikin takardar haihuwa, shi za a ba likita da malamin lakwal, harafi da harafi, ko da a gida Ladi ake kira. Mai alkunya ta miƙa takardar kawai, ba sai ta buɗe baki ba. Karnen allura a ajiye shi cikin leda tare da takardar, ko bayan yaro ya girma. Rasuwa ma a shaida ta, har ta jariri, in an share makoki. Wani daga cikin dangi na iya zuwa a madadin iyaye.

Ku kuma na waje, ɗan da anka haifa a Abijan ko Kano a yi mashi takarda a can inda anka haife shi, a kai ofishin jakadancin Nijar a shigar da ita. In za ku turo shi gida wurin kaka, ku haɗo da takardar da karnen allurarshi na can, don kar a buɗe mashi sabon shafi da sabon suna da sabuwar ranar haihuwa a Tsarnawa.